Mai Manjagara da Lambun Injiniya

Yayata ba ta iya fushi irin na mutane ba. Mu sauran 'yan gidan idan aka ɓata mana rai sai mu yi ta faɗa har maƙwabta su leƙo, kafin la'asar mun manta. Ita kuwa shiru take yi. Tun muna yara, in ka cinye mata rabonta ba za ta ce uffan ba, sai ka manta sarai sannan ka buɗe akwatin kayanka ka tarar da kwaɗo yana kallonka. Mahaifiyarmu takan ce, "Wannan yarinya a ciki take girkinta, ko hayaƙi ba a gani."

Garinmu ƙarami ne, a kan tudu yake, kogi na bi ta gindinsa. Duk ruwan da muka ɓata, na wanka da na wanke-wanke da na bayan gida, bututu ke kwasarsa ya gangara da shi matatar ruwan ƙazanta da ke ƙarshen gari, wadda kowa ke kira Gidan Wari. A can ruwan ke bi daga tafki zuwa tafki, yana kwanciya yana washewa, kafin a sake shi cikin kogi. Gaba kaɗan, inda kogin ya yi gwiwa, nan unguwar masunta take, kuma nan Yaya ta yi aure.

Mijinta Mai Birgi ake ce masa, don babu wanda ya kai shi iya wurga birgi, ragar nan ta kamun kifi, sai ta buɗe a sama kamar laima kafin ta sauka kan ruwa. Mutum ne mai barkwanci. Ni Shugabar 'Yan Ci yake kirana, wai ban taɓa zuwa gidansu ba sai an ɗora kifi a wuta. Shi kaɗai na taɓa gani yana sa Yaya dariya har ta riƙe ciki.

Wata damina aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da gari ya waye sai ga bakin kogi ya yi baƙi, yana kumfa, kifaye sun taso ciki sama har ba a ganin ruwa a wasu wuraren. Mai Birgi yana da ɗan yanka a ƙwauri, kwanon rufi ne ya yanke shi yana gyaran ɗaki. Yaya ta ce kada ya shiga. Ya ce ragoginsa kawai zai ciro, ba wanka zai yi ba. Ya shiga har ƙugu.

Kafin mako ya zagayo ƙafar ta kumbura ta yi sheƙi, zazzaɓi ya kwantar da shi. A asibiti aka yanke ta ƙasa da gwiwa. Na je duba shi, ya dube ni ya ce, "Shugaba, yanzu kam in na ɗauki kifi na gudu za ki kamo ni." Aka sake yankewa sama da gwiwa. Bai ƙara yin wasa ba, kuma bai dawo gida ba.

Masunta suka taru suka tafi Gidan Wari, Yaya na can baya cikin mata. Injiniyan matatar ya fito musu. Mutum ne mai tsafta, mai taushin murya, ma'aikatansa na kiransa Sai-gobe a bayan idonsa, don komai ka kai masa amsar ke nan. Ya ce ruwan sama ne ya fi ƙarfin injina, dole aka buɗe ƙofa aka saki ɗanyen ruwan cikin kogi, in ba haka ba garin ne zai nutse cikin ƙazanta. Ya ce ikon Allah ne, za a duba, su dawo gobe.

Yaya ba ta saurare shi sosai ba. Idonta na kan wani abu a bayan shingen waya: wani babban rami mai faɗi, an dafe gefensa da siminti, cikinsa kore shar. Ayaba ce jere, da gwanda, da gwaiba, da kunyoyin tumatir da latas. Gidan Injiniya na daidai bakin ramin, har an fasa gefen simintin an yi matakala daga ƙofar kicin zuwa cikin lambun.

Da mutane suka watse ta tsaya wajen maigadi, wani tsoho mai haƙori ɗaya a gaba, ta ce, "Baba, wannan lambu ya yi kyau."

Ya ce, "Ina zai ƙi kyau, 'yata? Busasshen taɓon matata ake zuba masa, babu takin da ya kai shi." Ya waiga, ya rage murya. "Ai ba lambu ba ne asali. Tafkin ajiya ne. Ƙofofi biyu ne a wancan ɗakin. In ruwa ya yi yawa, waccan ta hagu ake buɗewa ya shiga nan ya jira, in sama ta lafa a janye shi a tace. Ta dama ita ke zuwa kogi, ita sai in babu yadda za a yi. Amma tun da aka dasa ayaba ban ga an taɓa ta hagu ba."

Ta yi masa godiya ta tafi. A hanya na tambaye ta me tsohon ya ce, ta ce hirar ayaba suka yi.

Masunta sun kai ƙara wajen Ciyaman na gari, bai hana komai ba. Kowa ya san kowane ƙarshen wata akwai kwandon ayaba da ke hawa tudu zuwa gidan Ciyaman.

Bayan an share makoki da ɗan lokaci, Yaya ta kawo min 'ya'yanta biyu ta ce in riƙa riƙe su da rana, ta sami aiki. Da ta faɗa min inda ta samu, sai da na zauna.

A bakin matata, inda babban bututun gari ke amayo ruwansa, akwai ƙarafa jere kamar haƙoran mataji, su ke tare shara kada ta shiga injina. Dole wani ya tsaya a kansu da manjagara yana yaƙuto abin da ya maƙale yana zubawa a baro. Babu namijin da ke daɗewa a wannan aiki. Shi Yaya ta je nema.

Ta ba ni labarin yadda suka yi. Injiniya ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Mace? Kin san irin abin da ake kwasowa a wurin?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Daga ina kike?"

"Daga ƙasa, bakin kogi."

"Maigidanki ya yarda?"

"Ba zai hana ba."

Bai gane ta ba. Bai ma tambayi sunanta ba, akawu ne ya tambaya. Daga ranar Injiniya da kowa suka riƙa kiranta Mai Manjagara.

Na taɓa kai mata abinci na ga aikin da idona. Leda, tsummoki, ƙunzugun jarirai, gashi a dunƙule kamar mushen kyanwa, buroshin haƙori, wani lokaci mushen kyanwar da kansa. Tana tsaye cikin dogayen takalman roba, ta ɗaure hanci da ƙyalle, tana ja tana juyewa. Warin ya shige mata fata, ko ta ƙarar da sabulu guda yana nan. Da farko 'yarta ƙin karɓar abinci take yi daga hannunta. Dangi suka yi ta surutu, wai baƙin ciki ya taɓa mata kai. Ni ma na yi mata faɗa, na ce, "Yaya, gidan da ya kashe miki miji za ki je kina share wa ƙazanta?" Ta ce, "Ke dai riƙe min yara."

Damina ta zo ta wuce, wata ta zo. Duk ranar da aka yi babban ruwa, Injiniya zai fito da laima da mabuɗi, ya kwance sarƙar ƙofar dama, ya sa a juya ƙarfen nan mai kama da sitiyarin mota, baƙin ruwa ya kwarara kogi. Yaya kan ajiye manjagara ta gangara unguwar masunta cikin ruwan, tana bi gida gida tana cewa kada kowa ya taɓa kogi, kada a bar yara su je wanka. Sannan ta dawo bakin aikinta kamar ba ta je ko'ina ba.

In rana ta yi zafi kowa ya nemi inuwa, ita ɗakin ƙofofi take shiga da gwangwanin baƙin mai. Aikinta ne ta shafa wa ta dama. Amma ta hagu, wadda tsatsa ta cinye har ta zama kamar an yi ta da jar ƙasa, ita ta fi shan man. Tana kankarewa, tana ɗigawa, tana ɗan girgiza ta iya inda sarƙa ta bari.

Matar Injiniya kuwa mutuniyar kirki ce, wannan ba zan ɓoye ba. Takan kira Yaya ta ƙofar kicin ta ba ta abinci, ta ba ta tsofaffin zannuwa, tana ce mata 'yar'uwa. Yaya ta durƙusa ta karɓa ta yi godiya. Abincin maigadi ke cinyewa, zannuwan kuma ni take kawo wa. Ayaba ce kawai ba ta taɓa yarda ta shigo mana gida ba.

Injiniya ya fara tsufa, ya yi teɓa, fita cikin ruwa ta fara yi masa wuya. Wata rana ana tafka ruwa ya leƙo ta taga ya kira ta, ya miƙo mata mabuɗan ya ce, "Je ki buɗe ta kogi."

Wannan ne wurin da har yau ba ta son a tayar. Ta je ta buɗe. Da hannunta ta juya ƙarfen, ta tsaya tana jin ruwan yana wucewa ƙarƙashin ƙafafunta zuwa unguwarsu. Ta gangara ta yi gargaɗi kamar kullum, amma labari ya fita cewa ita ce ta buɗe. Ƙanin Mai Birgi ya tare ta a hanya ya tofar da yawu a gabanta. Mata suka daina amsa mata gaisuwa. Ta zo gidana ta zauna a tsakar gida, ba ta ci ba, hannuwanta kawai take kallo. Da za ta tafi sai ta ce, "Ya ce in riƙe mabuɗan a wajena." Zobe ɗaya ne, mabuɗai biyu a jiki. Ranar ce ta faɗa min abin da maigadi ya gaya mata game da ƙofofin.

Na ce, "To ai gobe ma sai ki buɗe ta hagun kowa ya huta."

Ta ce, "In na buɗe gobe, ayaba kawai za ta mutu. Ya kore ni, ya dasa wata."

Haka ta ƙara haƙuri, ta ƙara buɗe ta kogi a wannan daminar, ba sau ɗaya ba. Ban san yadda take barci ba.

Sai ga lokacin ritayar Injiniya ya zo. Aka shirya masa walimar sallama, ya ce babu inda za a yi sai cikin lambunsa, don baƙi su ga aikin hannunsa kafin ya bar wa wani. Ƙarshen damina ne, kowa na cewa ruwa ya ɗauke. Aka kafa rumfuna a tsakiyar ramin, aka shimfiɗa darduma, aka jera fararen kujeru tsakanin ayaba. Yaya ta ce min ana neman mata masu taya wanke kwanuka, in zo. Da na zo ta kai ni kan gefen simintin, can sama, ta ce, "Nan za ki yi wanke-wankenki. Ko an kira ki kada ki sauka."

Ta yini tana ɗaga kai tana kallon gabas. Ba ta da tabbacin komai. Daga baya ta ce min da ba a yi ruwa ranar ba, da ta rasa Injiniya har abada, kuma ba ta san abin da za ta yi da kanta ba.

Ciyaman ya zo, manya daga babban birni suka zo da motoci masu baƙin gilashi. Aka ci aka sha, aka fara jawabai, kowa na yabon yadda Injiniya ya riƙe amanar gari. Bayan azahar hadari ya haɗo. Kafin Ciyaman ya gama nasa jawabin sama ta ɓalle. Baƙi suka matsa ƙarƙashin rumfuna suna dariya, wasu na cewa albarka ce.

Ruwan bai tsaya ba. Ina jin babban bututu ya fara gurnani, ruwan gari na gangarowa da ƙarfi har yana haurawa kan ƙarafan tare shara. Na ga Injiniya ya yafito maigadi ya raɗa masa magana. Tsohon ya hauro matakala ya wuce ta gabana zuwa ɗakin ƙofofi, inda Yaya ke tsaye a bakin ƙofa, ta jiƙe sharkaf.

Ya ce, "Oga ya ce ki buɗe ƙofa."

Ta ce, "Wacce?"

"Ƙofa dai ya ce."

"To. Baba, koma ka tsaya a matakala ka riƙa kama hannun tsofaffi. Ka fara ce wa uwargida ta hauro da yara."

Tsohon ya dube ta, ya juya da sauri irin wanda ban taɓa ganin ya yi ba. Ta jira har ta ga yaran sun hau. Sannan ta shiga.

Na ji ƙarar ƙarfe, doguwa, kamar ana jan tsohuwar ƙofar gareji. Can ƙarshen lambun, bayan gwandoji, akwai bakin wani bututu da aka toshe da buhunan ƙasa aka dasa furanni a gabansa. Buhunan suka yi tsalle. Baƙin ruwa ya fito da faɗinsa, ya kwashe kunyoyin latas, ya bi tsakanin ayaba yana tura duk abin da garinmu ya zubar a ranar. Warin ya riga shi isa rumfuna. Dardumar ta taso, kujeru suka fara yawo. Manyan mutane suka tattare riguna suka yi matakala, ga ta ƙarama, mutum ɗaya take ɗauka. Wanda ya fi kowa sauri ya sha har idon sawu, na baya har cinya. Ciyaman ya zame ya zauna a ciki, sai da mutum biyu suka ɗago shi, takardar bayan gida manne a kafaɗarsa. Babu wanda ya mutu, babu wanda ya karye. Ruwan ya cika ramin, ya sami inda aka fasa siminti, ya hau matakalar ya shiga kicin, daga nan ya bi ɗakuna.

Injiniya ya iso ɗakin ƙofofi yana haki, farar rigarsa ta koma kalar toka har ƙirji. Yaya na tsaye riƙe da manjagararta. Ta riga ta ƙulle sarƙar ta kogi, ta wurga mabuɗan cikin tankin taɓo.

Ya ce, "Kin san abin da kika yi?"

"Ka ce in buɗe ƙofa, ranka ya daɗe."

"Wa ya aiko ki? Wace ce ke?"

"Matar Mai Birgi ce."

Ya nemi sunan a kansa bai samu ba. Ya ce, "Wane ne kuma Mai Birgi?"

Na ga hannunta ya matse sandar manjagara har na fara takowa, don na ɗauka za ta sauke masa ita a ka. Sai ta jingine ta a bango. Ta dubi ƙafafunsa ta ce, "Ka duba jikinka da kyau. In akwai yanka, ka je asibiti yau. Mu mun makara."

'Yan sanda suka tafi da ita. Ta yi kwanaki a tsare. Ciyaman ya so a kai ta kotu, amma manyan da suka zo daga birni sun taka ruwan da ƙafafunsu, kuma tun a mota suka fara tambayar yadda aka yi tafkin ajiya ya zama gonar ayaba. Maganar kotu ta mutu a nan. Aka sake ta, aka kore ta daga aiki. Injiniya ya tafi ba tare da lambar yabon da aka zo ba shi ba, aka yi ta kiransa birni yana amsa tambayoyi.

Ranar da ta je kwaso takalmanta na roba na raka ta. Muka tarar da matar Injiniya ta baza katifu da hotunan 'ya'yanta a rana, duk sun ɓaci. Ta taso ta tsaya gaban Yaya, idonta jawur, ta ce, "'Yar'uwa, ni me na yi miki?"

Yaya ta ce, "Ke ba komai." Ta ɗauki takalmanta muka wuce. A hanya na ce ai da ta ba matar haƙuri. Ta ce in ta ba ta haƙuri ƙarya za ta yi, don da za a sake da ta sake.

Sabon injiniyan da aka kawo ya sa aka sare ayabar, aka toshe matakalar da siminti. Yanzu in an yi babban ruwa ramin ne ke cika, kogi bai ƙara yin baƙi ba. Masunta sun rabu biyu a kan Yaya. Wasu har kifi suke aiko mata. Wasu kuma, ciki har da ƙanin mijinta, sun ce ba su manta daminar da ta buɗe musu ƙazanta da hannunta ba, ita ma ba ta taɓa neman su manta ba. Ta koma sana'ar ƙyafe kifi a ƙofar gidanta, ta aurar da 'yarta, ɗanta ya zama makanike.

Shekaru sun ja, har furfura ta cika mata kai. Wata rana da hantsi ina gidanta sai ga wani magidanci da mota, ya yi sallama cikin ladabi. Ya ce shi ne babban ɗan Injiniya. Mahaifinsa na kwance ba lafiya, jiki ya yi tsanani, ya tambayi labarin mijinta a wajen mutane har ya san komai, kuma ya aiko shi takanas ya roƙe ta ta yafe masa.

Yaya ta sa aka shimfiɗa masa tabarma, ta kawo masa ruwa, ta tambayi mahaifiyarsa da iyalinsa ɗaya bayan ɗaya. Ta saurare shi har ya gama. Sannan ta ce, "Ka ce masa na ji."

Ya jira. Da ya ga ba ta ƙara ba ya ce, "Inna, shi ke nan abin da zan faɗa masa?"

"Shi ke nan. Na ji."

Ta ƙunsa masa kifi ta ce ya kai wa mahaifiyarsa, ta koma ta juya na kan wuta kada ya ƙone. Ba a daɗe ba muka ji rasuwar Injiniya. Na ce ta shirya mu je gaisuwa, ta ce tana da kifi a wuta. Ni kaɗai na hau mota na je.